Yadda lalacewar shimfiɗar jijiyoyin jini ke kai mutum ga ciwon ƙoda

Galibin masu ciwon ƙoda ba sa sanin suna ɗauke da shi sai ƙafafu sun kumbura, ƙarfi ya ƙare, likita ya fara batun wankin ƙoda. Kafin a kai nan kuwa, an shafe shekaru ɓarna na gudana a ɓoye. Binciken masana ya nuna cewa sau da yawa ɓarnar takan soma ne daga siririyar shimfiɗar da ta lulluɓe cikin jijiyoyin jini, wadda likitoci ke kira endotiliyam.

Mece ce wannan shimfiɗa?

Kowace jijiyar jini, tun daga babbar da ta fito daga zuciya har ƙananan da suka fi gashi siranta, cikinta a yaɓe yake da layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta. A da, an ɗauka aikin wannan layi bai wuce sa jini ya gudana sumul ba.

A 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya gano cewa jijiyar zomon da aka kankare wa shimfiɗar ba ta buɗewa ko da an zuba mata sinadarin da ya kamata ya buɗe ta. Daga baya aka tabbatar cewa shimfiɗar na fitar da wata iska, naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki, ta hana jini daskarewa, ta kuma hana fararen ƙwayoyin jini manne wa bangon jijiya. Wannan aiki ne ya sa Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka samu lambar yabo ta Nobel a 1998.

Me ya haɗa ta da ƙoda?

Ƙoda tarin ƙananan jijiyoyi ce. Kowace ɗaya na da matatai kusan miliyan ɗaya, kuma su biyun na karɓar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa. A kullum suna tace ruwa kusan lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba.

Shimfiɗar jijiyoyin da ke cikin matatan tana da ƙananan huji kamar rariya, sannan a samanta akwai wani rufi mai yauƙi. Ruwa da datti na wucewa, amma furotin na jini mai suna albumin ba ya wucewa. Idan rufin ya zaizaye, sai albumin ya fara yoyo cikin fitsari.

Tun a 1989 likitocin asibitin Steno da ke Denmark suka bayyana cewa ganin albumin a fitsarin mai ciwon suga alama ce ta lalacewar jijiyoyin jiki baki ɗaya, har da na zuciya da na ido.

Rawar da kumburi ke takawa

Kumburin da masana ke nufi a nan shi ne tashin garkuwar jiki a cikin jini, wanda ba a gani, ba a kuma jin zafinsa. Hawan jini, yawan suga, hayaƙin taba da ƙiba duk suna gurje shimfiɗar. Idan ta gurju, sai ta rage fitar da naitirik oksaid, ta fara janyo fararen ƙwayoyin jini su manne mata, su kutsa cikin naman ƙoda. Sannu a hankali ƙananan jijiyoyi su toshe, iskar oksijin ta yi ƙaranci, tabo ya maye gurbin matatai. Matatar da ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Ita ma ƙodar da ta raunana takan mayar da ɓarnar kan jijiyoyi. A 1992 Patrick Vallance da abokan aikinsa a Landan sun nuna cewa wani sinadari, ADMA, na taruwa a jinin waɗanda ƙodarsu ta gaza, yana hana jiki samar da naitirik oksaid. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu ciwon ƙoda da yawa ke rasuwa sakamakon ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki tun ba su kai ga wankin ƙoda ba.

Ina aka kwana a batun magani?

A 2017 an fitar da sakamakon gwajin CANTOS, wanda ya ƙunshi mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. Allurar canakinumab mai kwantar da kumburi ta rage haɗarin sake bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 15 cikin 100. Sai dai ta ƙara haɗarin mutuwa daga cututtuka masu kama jiki, domin ta rage ƙarfin garkuwa.

A 2020 kuma gwajin DAPA-CKD kan mutum 4,304 ya nuna cewa ƙwayar dapagliflozin, wadda ke sassauta matsin jini a cikin matatan, ta rage haɗarin tsanantar ciwon ko mutuwa saboda ƙoda ko zuciya da kashi 39 cikin 100, har ga waɗanda ba su da ciwon suga.

Abin da ya shafe mu

A 2010 aka gano wasu nau'o'in ƙwayar gado ta APOL1 da suka yawaita a Afirka ta Yamma. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma kumburi na ƙara ruruta aikinsu. Binciken H3Africa da aka fitar a 2024, kan mutum 8,355 a Najeriya da Ghana, ya tabbatar da ƙarin haɗarin ko da ga wanda ya gaji nau'in daga ɓangare ɗaya na iyayensa.

Haka ma masu sikila. Fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu na sakin sinadarin da ke cinye naitirik oksaid, shi ya sa ƙodarsu ke bukatar sa ido tun suna yara.

Matakin da ya kamata a ɗauka

Mai hawan jini, ciwon suga, sikila, ko wanda aka yi ciwon ƙoda a danginsa, ya nemi a yi masa gwajin albumin a fitsari da na kiriyatinin a jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram biyar, kuma dunƙulen miya na cikin lissafi. A daina taba, a kuma guji yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ba tare da umarnin likita ba. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi.