Kifin Uwargida Da Ranar Gyaran Gida



Da zarar bazara ta kama, sai magina su shiga gidaje. Wannan na yaɓe, wancan na sake kwano, wani na zuba siminti a tsakar gida kafin ruwa ya sauka. To, a zamanin nan akwai matan da suka kama kiwon tarwaɗa a gida, wasu a tankin roba, wasu a kwamin siminti. Sau da yawa kuɗin adashe ne, ko na akuyar da aka sayar, aka zuba a ciki. In aka yi sakaci, aikin wuni ɗaya sai ya halaka kiwon wata huɗu.

Bari mu fara leƙa ƙasashen waje. Can akwai masu ajiye kifi a akwatin gilashi domin sha'awa kawai. Tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi a birnin Landan. Mafi wuyar kiwo shi ne akwatin ruwan teku, wanda a kan sa wa ƙananan kifaye masu launi da murjani mai rai. Ko kun san murjani ba dutse ba ne tun asali? Wata ƙaramar halitta ce a teku take gina shi, kuma jan nan na kwalliyar iyayenmu daga Bahar Rum a ke ciro shi. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, tilas kuwa mai akwatin ya riƙe wannan awo, zafin ruwan kuma kusa da digiri 25.

In gyaran gida ya kama irin wannan mutum, ba ya ɗaga akwatin da ruwa a ciki, gama gilashin zai tsage. Sai ya tsiyaye ruwan a bokitai masu tsabta, ya sa duwatsun da murjanin a ciki, ba ya barinsu su bushe. Dalili kuwa, a jikin duwatsun akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. In sun mutu, kifi ma ya bi su.

Mu dai Allah ya sauƙaƙa mana, tarwaɗa tana da ƙarfin rai, har tana iya ɗago kai ta shaƙi iska kamar mu. Amma karfasa ba ta da wannan baiwa, ita ce ke fara mutuwa in ruwa ya ɓaci. Saboda haka ga abin da za ki yi, uwargida.

Da farko, ki shirya da maigida ya gaya miki ranar zuwan magina tun saura kwana uku. Ki zaɓi wuri mai inuwa, nesa da inda za a kwaɓa siminti, ƙasarsa a baje, babu tsakuwa mai tsini.

Na biyu, ki hana kifin abinci wuni ɗaya kafin a tashe su. Kada tausayi ya kama ki. Kifin da ya ƙoshi in aka motsa shi yakan yi amai da kashi, ruwan ya lalace nan da nan.

Na uku, a yi aikin da sassafe bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Ki ɗebi ruwan sama na tankin ki cika daro ko baho da duro, ki bar dattin ƙasa a zubar wa shuka. Kada ki yi amfani da mazubin da ya taɓa ganin kananzir, ko fetur, ko maganin feshi. Na wanki kuwa a ɗauraye shi sarai, gama sabulu guba ne ga kifi.

Na huɗu, kada kowa ya ja tanki da ruwa a ciki. Ku 'yan makaranta ku yi wa iyayenku lissafi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, tanki mai lita 1,000 kuwa ya kai nauyin buhun siminti 20. Wa zai iya? Tankin ya fashe, mai ɗauka ya samu ciwon baya.

Na biyar, a kwashi kifin da ƙaramar koma, hannu a jiƙe, domin kada a goge santsin jikinsu, shi ne rigarsu daga cuta. Ki yi hankali da ƙayar da ke gefen kan tarwaɗa, sukarta da zafi. Ki kuma raba manya da ƙanana, don babbar tarwaɗa ba ta jin kunyar haɗiye 'yar'uwarta. Ki rufe bakin mazubin da raga, gama suna tsalle, ga kuma kyanwa tana jira.

Na shida, in za ki ƙara sabon ruwa, kada ya wuce rabi. Na famfo in an sa masa magani, ki bar shi ya kwana a buɗe. Ki taɓa da hannu, sanyin biyun ya zama kusan ɗaya. Sai washegari ki ba da abinci, shi ma kaɗan. In kin ga kifi sun miƙe tsaye a saman ruwa ba sa motsi, maza ki sake rabin ruwan.

Muddin ana aiki, ki tsare su daga ƙurar siminti, da farar ƙasa, da fenti, da ruwan wanke shebur. Kada a fesa maganin sauro kusa da su. In kuwa kwamin siminti aka gyara ko aka gina sabo, kada ki yi gaggawa. Sabon siminti yana sakin wani abu mai kaifi kamar ruwan toka, yana ƙona fatar kifi. A cika kwamin, a bari ya jiƙa, a zubar, a sake, har mako biyu ko uku. Sa'an nan ki gwada da kifi biyu. In sun kwana biyu lafiya, sai sauran su bi.

Abu na ƙarshe ya fi duk kifin duniya. Ranar aiki hankalin kowa yana kan magina, ga daruna cike da ruwa a ƙasa. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, ba kuwa za a ji kukansa ba. Ki goya shi, ko ki danƙa shi ga wata babba, kuma kowane mazubi a rufe shi.

Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya kai mu damina lafiya, amin.