GIGINYAR GAYA DA MAI ITA NA NESA

Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. To, zancen inuwa an yarda da shi. Amma ruwan da ke jikinta fa? Wannan tambaya ta shafi ma'aikata da ƴan kasuwa da yawa, ƴan asalin Gaya, waɗanda aiki ya zaunar da su a Yamai ko Doso, suka baro gonar gado da giginyu a cikinta a Bana ko Bengu. Daga Yamai zuwa Gaya kusan kilomita 300 ne. Mutum ba ya samun zuwa sai ƙarshen wata, wani ma sai hutun salla. Wane amfani ne mai zuwa jefi-jefi zai iya ci daga itatuwansa, wanne ne kuma ya kamata ya haƙura da shi?

Bari mu fara da wata ƙasa mai nisa, inda mutane suka daɗe da sanin wannan matsala. A Kanada akwai wani icce da Faransawa ke kira erabul, shi ne wanda ganyensa ke bisa tutar ƙasar. A ƙarshen lokacin sanyi, tsakanin Fabrairu da Afrilu, idan dare ya daskare kuma rana ta narke, sai ruwa mai ɗan zaƙi ya riƙa motsi cikin iccen. Ana huda jikinsa, a sa ɗan bututu, a tara ruwan, a dafa shi har ya yi kauri ya zama maɗi. Sai an dafa lita 40 kafin a samu lita 1. Jihar Kebek ita kaɗai tana fitar da wajen kashi 70 cikin 100 na wannan maɗi a duniya. Sai dai ruwan kamar madara yake: in ya ji ɗumi, cikin ƴan kwanaki ya yi tsami. Wanda ba ya zuwa dajinsa sai ƙarshen mako yakan tara shi cikin babban mazubi mai murfi, ya rufe mazubin da ƙanƙara. Ke nan sanyi ne ke yi masa gadi.

A Gaya babu irin wannan mai gadi. Giginya ma tana da ruwa mai zaƙi. A Indiya da Kambodiya, inda wata ƴar uwarta ke tsiro, ana yanka hudarta, a rataya tulu, a dafa abin da aka tara ya zama sukari mai kama da mazarƙwaila. Amma mai wannan sana'a sau biyu yake hawa kowace rana, safe da marece, domin ya kwashe ruwan, ya kuma sake fiƙe bakin yankan, in ba haka ba ya toshe. Cikin zafi irin namu kuwa, ruwan ba ya wuni bai fara juyewa bammi ba. Wanda zai dawo bayan kwana 30 ba abin da zai tarar sai tsami da ƙudaje.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, kamar tsakiyar Kodibuwar, ba huda ake yanka ba, ƙoƙon kan iccen ake ƙwaƙule. Giginya kuwa tsiro guda gare ta, can bisa. Ba ta reshe, ba ta toho daga gindi. In aka zurfafa wuƙa cikin wannan tsiro, an kashe ta ke nan, ita da ta yi shekaru kafin gangar jikinta ta fito daga ƙasa, ta ƙara wasu shekaru masu yawa kafin ta yi ƴaƴa. Ribar ƴan makwanni ta cinye aikin kaka da jika.

Hukuma ba ta yi sakaci da wannan dukiya ba. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa giginya cikin itatuwan da aka kare, kuma doka ta 2004 da ta maye gurbinta ta ci gaba da kare irin waɗannan itatuwa. A shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, an shigo da mutanen ƙauyuka cikin kula da dajin giginya na Dallol Mauri, wanda babu kamarsa a Nijar. A 2004 kuma aka rubuta dallol ɗin cikin wurare masu dausayi da yarjejeniyar Ramsar ta kare. Saboda haka ko giginyar tana cikin gonarka, ba ka sare ta don azara sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

To, me ya rage wa na nesa? Abin da ke iya jira. Na farko shi ne muruci. Ana tara ƙwallayen giginya, a jera su cikin ƙasa mai taushi, a rufe, a bar wa damana sauran aiki. Bayan wasu watanni a tona, a dafa, a kai kasuwa. Zuwa biyu ko uku ya isa. Sharaɗinsa guda ne: kada a mayar da kowane ƙwallo muruci, domin duk murucin da aka ci, giginya ce da ba za ta tsaya ba. A bar wasu a gona su girma.

Na biyu shi ne ƙaro, ga wanda ke da fili bisa tudu, don dakwara ba ta son fadama, ta fi zuba a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta Gure da Mayine-Sorowa. Idan ta kai shekara 4 ko 5, da kaka, lokacin da ganyenta ya fara zuba, ana ɗaye ɓawon reshe faɗin yatsa biyu, ba tare da an ji wa iccen ciwo ba. Ƙaron ya tsattsafo ya daskare a wurin. Bayan mako 4 zuwa 6 a yi ɗiba ta fari, sa'an nan a riƙa komawa kamar kowane mako 2. Gindi guda yakan ba da wajen giram 250 a shekara. Zafin da ke lalata ruwan giginya shi ne ke busar da ƙaro ya ajiye shi.

Duk da haka, ƴan uwa masu karatu, abin da rana ba ta ɓata ba, akuya da ɓarawo suna iya ɗauka. Babu iccen da ke tsare kansa. Wanda ke nesa ya nemi na kusa, ƙane ko maƙwabci, su yi magana a fili gaban maigari: wa ke tsaro, wa ke ɗiba, nawa ne rabon kowa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya rubuta musu a takarda. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai fa wanda ya bar amana a hannun da ya san za a ba shi haƙƙinsa.