Ɗaukar Sautin Jita a Ɗaki da Kwamfuta Ba Tare da Ɓarnar Dukiya Ba

A zamanin da ya shuɗe, duk makaɗin da ya yi nufin a ɗauki kiɗansa a faifai ba shi da wata hanya sai ya nemi yardar masu kamfani ko ta gidan rediyo, domin kuwa na'urorin ɗaukar sauti na wancan lokaci, tsadarsu da girmansu sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba a barin kowa ya taɓa su sai injiniyan da aka horar a kansu. Daga cikin waɗanda suka fara karya wannan ƙa'ida a fagen jita akwai Les Paul, mutumin Amurka, wanda a cikin garejin gidansa ya riƙa ɗaukar kiɗa, sa'an nan ya ɗora wani a kansa, ya sake ɗora wani, har a shekarar 1948 ya fitar da faifan da mai sauraro zai rantse makaɗa da yawa ne suka taru, alhali kuwa hannu ɗaya ne ya kaɗa duka. A 1979 kamfanin TEAC na ƙasar Japan ya fito da Portastudio, akwatin da ke ɗaukar layin sauti 4 daban-daban a kan kaset irin na kasuwa, kuma da irinsa ne Bruce Springsteen ya ɗauki kundinsa Nebraska a ɗakin gidansa, aka fitar da shi a 1982 kamar yadda yake. Yau kuwa, kwamfutar da ɗalibi ke rubuta aikin makaranta da ita tana iya ɗaukar layukan da suka ninka waɗancan sau da yawa, da tsabtar sautin da Les Paul bai samu irinta ba a wancan lokaci.

Amma fa akwai wata mas'ala da ke hana masu farawa ci gaba, wato zaton da suke yi cewa kyawun sauti a kasuwa ake sayensa, har ka ga saurayi ya shafe shekara yana tara kuɗin wata na'ura da ya gani a hannun wani, jitarsa kuwa tana jingine a bango tana shan ƙura. Ni a nawa ganin, wannan kuskure ne babba. Abin da ya wajaba a saya kaɗan ne ƙwarai, saura kuma ilmi ne da haƙuri da kunne, kuma na'ura amintacciya ce, ba ta ƙari ba ta ragi: abin da hannu ya ba ta, shi take mayarwa.

To, abin da ke wajibi bayan jita da kwamfuta shi ne wani ɗan akwati da ake haɗawa da kwamfuta ta kafar USB, wanda masu situdiyo ke kira sawun-kad. Aikinsa shi ne ya karɓi raunanniyar wutar da ke fitowa daga jita ko makirufo, ya ƙarfafa ta, sa'an nan ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke iya ajiyewa. Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a soka wayar jita kai tsaye a ramin makirufon da ke jikin kwamfuta, tun da ana sayar da ɗan mahaɗin da zai shiga? Dalili shi ne, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki yana bukatar mashiga mai tsananin turjiya, wajen om miliyan 1, ramin kwamfuta kuwa an gina shi ne domin magana ta intanet, saboda haka idan aka haɗa su sai sautin ya fito a dushe, kaifinsa ya tafi, ga kuma shuu da ke biye da shi. Akwatin da ya dace yana da rami ko maɓalli da aka rubuta wa INST ko Hi-Z, kuma wannan ita ce alamar farko da ya kamata mai saye ya duba. Kamfanin Behringer yana yin masu araha, irin su UM2 da UMC22, Focusrite kuma yana da Scarlett Solo wanda ya fi su tsada da inganci, amma kowannensu ya isa mai farawa, kuma wanda aka yi amfani da shi, idan an jarraba shi a gaban mai sayarwa aka ji ba ya ƙara, babu aibi a sayensa.

Manhajar ɗaukar sauti kuwa, a nan ne Allah Ya kawo sauƙin da magabata ba su samu ba. Audacity kyauta ce tun fitowarta a shekarar 2000, lokacin da Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Carnegie Mellon, kuma ta wadatar ga wanda ke son ɗaukar jitar katako da murya. Mai kwamfutar Apple yana da GarageBand ba tare da biyan kome ba. Reaper kuma, wadda Justin Frankel ya fito da ita a 2006, ana ba mutum kwana 60 ya jarraba ta cikakkiya, sa'an nan ya biya dala 60 idan don kansa zai yi aiki da ita. Ita ce nake shawartar mai jitar lantarki ya koya, domin ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta, kuma ba za ta yi masa kaɗan ba ko da ya zama gwani. Tun da ga halal a shimfiɗe, ban ga uzurin wanda zai je a loda masa manhajar sata ba, wadda ban da haƙƙin masu ita da ke kansa, sau da yawa tana zuwa da cutar da za ta lalata masa aikin wata da watanni.

Farkon abin da kan rikita mai koyo shi ne jinkiri. Sai ya taɓa tsirkiya, amma sautin ba zai iso kunnensa ba sai bayan ɗan lokaci, har ya kasa riƙe kiɗan, ya ɗauka hannunsa ne ya lalace. Sababin haka kuwa shi ne, kwamfuta ba ta sarrafa sauti sai ta tara shi kashi-kashi, kuma gwargwadon girman kashin, gwargwadon jiran. Idan aka saita ta tana auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, aka kuma sa girman kashin a 128, to jiran kowane kashi bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, idan kuwa aka bar shi a 1,024 sai ya haura kashi 21, kuma a kan wannan za a ƙara jiran shiga da na fita. Domin a fahimci ma'aunin, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a cikin iska, wato jinkirin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa kusan daidai yake da mutum ya tsaya mita 3 da rabi daga lasifikarsa, abin da kowane makaɗi ke jurewa a dandali ba tare da ya lura ba. Saboda haka a rage girman kashin da kwamfuta ke tarawa lokacin ɗauka, a ƙara shi lokacin gyara. Mai Windows kuma lalle ne ya sa direban ASIO na akwatinsa, tsarin da kamfanin Steinberg ya shimfiɗa domin wannan matsala, kuma yawancin akwatunan suna da maɓallin da ke mayar da sautin jita kunne kai tsaye kafin ya shiga kwamfuta.

Sai kuma ƙarfin sautin da ake shigarwa, inda masu farawa suka fi yin isirafi, suna murɗa maɓalli har fitila ta yi ja, bisa zaton cewa ƙarfi shi ne kyau. A kaset, idan sauti ya wuce kima yakan ɗan dushe ne cikin taushi, amma a kwamfuta akwai iyaka da ake kira sifili, wadda duk abin da ya haura ta yankewa ake yi, sai ya fito da wata ƙara mai kama da yagewar ƙyalle, kuma babu manhajar da ke mayar da shi yadda yake. A zaɓi bit 24, a kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a cikin waƙar, a daidaita maɓalli har ma'auni ya tsaya tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifili. Abin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya ba tare da hasara ba.

Mai jitar lantarki ba ya ma bukatar amfilifaya, domin akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar shahararrun amfilifayoyi, wasu a cikin GarageBand, wasu kuma kyauta irin su Neural Amp Modeler, kuma fa'idarsu ita ce kwamfuta tana ajiye sautin jitar tsurarsa, ta yadda bayan wata guda mutum zai iya sauya masa launi ba tare da ya sake kaɗawa ba. Ga kuma kiyaye haƙƙin maƙwabci, tun da da abin sauraro a kunne mutum zai yi aikinsa da tsakar dare, wanda ke barci a ɗakin gefe bai sani ba. Jitar katako kuwa makirufo take so, kuma a nan hikimar wurin ajiye shi ta fi tsadarsa muhimmanci. Kada a fuskantar da shi ga ramin jitar, domin daga can sai gurnani mai kauri yake fitowa. A nufi da shi inda wuyan jita ya haɗu da gangar jikinta, wajen ƙarfe na 12 na kan wuyan, da tazarar santimita 15 zuwa 30, sa'an nan a riƙa gusar da shi kaɗan-kaɗan ana saurare har a dace. Makirufo irin Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965, yana da juriya kuma ba ya kwaso hayaniyar nesa sosai. Mai laushin ji kuwa, wanda ke bukatar wutar bolt 48 daga akwati, yana kama zaƙin tsirkiya fiye da wancan, amma tare da shi yana kama kukan zakara da babur ɗin da ya wuce a titi, don haka wanda gidansa ke cikin hayaniya ya yi tunani kafin ya saye shi.

Ɗakin kansa yana da murya. Ɗaki mai siminti da bango tsirara yana mayar da sauti ta kowace fuska, sai kiɗan ya fito kamar daga cikin rijiya, kuma maganin wannan yana cikin gida tun tuni: darduma a ƙasa, labule mai kauri, katifa a jingine a bango, bargo a rataye bayan makaɗi. A kashe fanka na tsawon ɗaukar, ko da zafi ya matsa. Akwai kuma wani ƙugi da wutar lantarki ke haifarwa, wadda a Nijeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60, kuma jita mai maganaɗisu guda-guda tana kwaso shi kamar eriya; saboda shi ne ma Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera maganaɗisu mai tagwayen naɗi a shekarun 1950. Wanda ya ji wannan ƙugi ya fara da zare cajar kwamfutarsa ya yi aiki da batir, ya nisanci fitila mai dogon ƙwai da janareta, sa'an nan ya juya a kujerarsa sannu a hankali, domin akwai fuskar da idan jita ta kalla ƙugin yakan ragu ƙwarai. Amma kada ya kuskura ya cire ƙafa ta uku ta filogin amfilifaya don neman shiru, kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin wannan ƙafar ce ke tsare ran mai riƙe da tsirkiyar ƙarfe idan na'ura ta samu matsala.

Duk wannan bayani ba zai amfana ba idan jitar ba a ɗaure take daidai ba, ko tsirkiyoyinta sun yi tsatsa da damina, ko katakonta ya bushe ya tsage da hunturu saboda an bar ta a waje. A duba ɗaurinta kafin kowace ɗauka, a kunna ma'aunin bugu da ke cikin manhaja a bi shi, a kuma yarda da maimaitawa, domin wanda ya saurari kansa karo na farko yakan ji kurakuran da shekaru bai san yana yi ba, kuma wannan shi ne mafi girman alherin da na'urar ke yi wa mai koyo. Wanda ke son kiɗansa ya cika kunne ya kaɗa sashe ɗaya sau biyu, ya tura ɗaya dama ɗaya hagu; kwafar na farko ba ta yin wannan aiki, domin ɗan bambancin da ke tsakanin bugu biyu na hannun ɗan Adam shi ne ke ba da faɗin. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa, saboda haka duk abin da ke ƙasa da wannan a layin jita ana iya yanke shi. Aikin kuma a riƙa adana shi a wuri biyu.

Hujjar da ta fi kusa da mu a kan cewa tsadar kaya ba ita ce ke ɗaukar kiɗa zuwa nesa ba, ita ce labarin Mdou Moctar, Buzu ɗan ƙasar Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. A shekarar 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, bisa salon waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, kuma waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya ta hanyar memori da bulutut, a matse, sautinsu ya ragu, har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya neme shi har ya same shi. Yau yana kaɗa jita a manyan dandalin Turai da Amurka.

Saboda haka, ya kai mai jita, idan kana da kwamfuta ko da tsohuwa ce, ka nemi akwatin da aljihunka zai ɗauka da waya mai kyau da abin sauraro mai rufe kunne, ka sauke manhaja ta halal, ka ɗauki waƙa ɗaya cikin wannan mako, ka saurare ta da adalci, sa'an nan ka sake ɗaukarta. Kada ka ƙara sayen kome sai ranar da kunnenka ya gaya maka takamaiman abin da kayan hannunka suka gaza yi.