Kafin ka kashe ɗumin gida ka taho hutu

Duk wanda karatu ko aiki ya kai Ingila zai tarar da lagireto manne a bangon kusan kowane ɗaki. Ruwan zafi ne ke cikinsa. Tukunyar gas, wadda galibi take a kicin, ita ke ɗumama ruwan, ƙaramin inji ya tura shi cikin bututun da ke ƙarƙashin daɓe, ya zaga ɗakuna ya dawo. Ruwan nan ɗaya ne yake ta kewayawa.

Gidajen yanzu bututu biyu gare su: ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya dawo da wanda ya huce. Wasu tsofaffin gidaje kuwa bututu ɗaya ne tal, ruwa na bin ɗaki-ɗaki yana hucewa, shi ya sa mai ɗakin ƙarshe ke kwana da rawar ɗari.

Taɓa lagireton da hannu. In ƙasansa da zafi samansa da sanyi, iska ce ta maƙale. Kashe tukunyar, bari ya huce, ka ɗan kwance ƙaramin makullin da ke gefen sama har ruwa ya fara ɗiga, ka ɗaure. In ƙasan ne ya yi sanyi, tsatsa ce ta taru, aikin mai gyaran famfo ne. Allurar agogon matsin ruwa da ke jikin tukunyar kuma ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan ruwan ya huce.

Inda mutanenmu suka fi tafka asara shi ne hutun Disamba. Don tsoron kuɗin gas, sai mutum ya kashe komai ya hau jirgin Kano. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututu. Ba a ganin ɓarnar sai ƙanƙara ta narke, ruwa ya riƙa zubo wa maƙwabcin ƙasa ta rufi, kai kuwa kana can kana cin tuwo. Bar ɗumin a kunne ƙasa-ƙasa, ka ba wani amintacce mabuɗi ya riƙa leƙawa.

Ita tukunyar, kada ka buɗe ta, kada kuma ka kira "wani ɗan'uwa da ya iya gyara". Dokar ƙasar ta ce sai mai rajistar Gas Safe ne zai taɓa ta, kuma wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba ta kowace shekara. Tukunyar da ta lalace tana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci. Tabbatar da akwai na'urar ƙararrawa mai gano ta a kusa da tukunyar.