Yadda Ake Sa Wa Kwamfuta Kalmar Sirri

'Yan'uwana malaman gobe, ina so in yi muku bayanin kalmar sirri, watau makullin da zai tsare makin jarrabawar yaranku a kwamfuta. A tsarin Linux, sai ka rubuta passwd, ka ba da tsohuwar kalmarka, sa'an nan sabuwar har sau 2. In ba ka ga haruffan ba kada ka damu, da gangan aka ɓoye su.

Kwamfuta ba ta ajiye kalmar kanta. Takan dagula ta da lissafi, ta adana sakamakon a /etc/shadow. Saboda haka in ka manta, ko mai kula da kwamfutar ba ya iya gaya maka, sai dai ya sa sabuwa.

Shawarata, ka zaɓi doguwa, ban da sunanka, kuma kada ka faɗa wa kowa.