Shafinka ya nuna 500 ya yi shiru? Ga yadda ake sa saba ta faɗi abin da ke damun ta

Duk wanda ke kula da shafin intanet, na shago ne ko na makaranta ko na ƙungiya, ya san wannan ranar. Jiya shafi na aiki lafiya ƙalau, yau an buɗe sai farin allo fes, ko wani layin Turanci ɗauke da lamba 500. Masu sayayya na ta bugo waya, iyaye na son duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, shafi kuma ya ƙi cewa uffan.

A shekarun da na yi ina gyaran shafuka, na lura a nan ne matasanmu masu wannan sana'a ke ɓata lokaci. A goge wancan, a sake ɗora wannan, duk bisa kirdado. Alhali saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a cikinta dare da rana, ta riga ta san abin da ya faru, sau da yawa ma ta rubuta shi. Abin da ya rage shi ne sanin inda za a tambaye ta, ba tare da an tona wa shafin asiri a bainar jama'a ba.

Me lambar ke nufi?

Duk lokacin da burauza ta nemi shafi, saba kan amsa da lamba mai alƙaluma uku. Idan ta ce 200, komai lafiya. Lambobin da suka fara da 4 na nuna matsalar daga wajen mai nema take: 404 babu shafin, 403 ba a yarda ka shiga ba. Waɗanda suka fara da 5 kuwa laifin na cikin gida ne. Lamba 503 na nufin saba ba ta iya amsawa yanzu, ko aiki ya yi mata yawa ko ana gyara. Lamba 502 na nufin sabar da ke bakin ƙofa ta miƙa aiki ga wata manhaja a bayanta, ba ta samu amsa mai kyau ba. Ita kuwa 500 ce mafi ban haushi, don ma'anarta kawai "wani abu ya lalace".

Wannan ɓoyo da gangan aka yi shi. Cikakken saƙon kuskure kan fito da sunan fayil, da hanyar da ake bi a kai gare shi, da lambar layin da ya karye, wani lokaci har da sunan rumbun bayanai da na mai shiga cikinsa. Mai gyara na buƙatar wannan duka. Mai kutse ma shi yake nema.

Fara da kundin kurakurai

Ni dai kafin in taɓa kowane saiti, kundin kurakurai nake buɗewa. Fayil ne da saba ke rubuta duk tuntuɓen da ta yi, da kwanan wata da lokaci. Idan Apache ce a kan Ubuntu ko Debian, yana /var/log/apache2/error.log. A dangin Red Hat kuma /var/log/httpd/error_log. Na Nginx yana /var/log/nginx/error.log. Wanda ke hayar wuri a saba ta haɗaka, ya duba sashen kurakurai a cikin cPanel, ko wani fayil mai suna error_log a cikin babban fayil ɗin shafinsa.

Dabarar mai sauƙi ce: sake buɗe shafin da ya lalace, ka duba agogo, sannan ka karanta layukan ƙarshe na kundin. Galibi amsar na nan. Ko ƙwaƙwalwar da aka ware wa PHP ta ƙare, domin 128M ne ma'auninta na asali. Ko izinin fayil bai yi daidai ba, inda aka saba sa 644 ga fayiloli da 755 ga manyan fayiloli. Ko kuma kamfanin haya ya ɗaga PHP zuwa siga ta 8, wadda ta fito a Nuwamban 2020, tsohuwar manhajar shafin ta kasa tafiya da ita.

Idan PHP ta yi gum

Idan kundin babu komai, to sai a koma fayil ɗin php.ini. Saituna uku ne ke riƙe da lamarin. Na farko error_reporting, shi ke faɗin irin kurakuran da za a kula da su, kuma E_ALL na nufin dukkansu. Na biyu log_errors, shi ke sa a rubuta su a kundi. Na uku display_errors, shi ke fito da su a kan allo kowa ya gani. A shafin da jama'a ke shiga, na farko da na biyu ake kunnawa, na ukun a bar shi a kashe.

To amma fa akwai tarkuna, kuma kusan kullum su nake tararwa idan aka ce mini "na kunna amma bai nuna komai ba".

Na ɗaya, php.ini ba guda ɗaya ba ne. Wanda PHP ke karantawa idan ka kira ta daga layin umarni daban, wanda shafin ke amfani da shi daban. Umarnin phpinfo() zai nuna maka ainihin wanda aka loda. Ka duba, ka goge fayil ɗin gwajin nan take, don shi ma tonon asiri ne. Bayan gyara kuma sai an sake tayar da Apache ko PHP-FPM kafin canjin ya kama.

Na biyu, wasu kan rubuta ini_set a saman fayil ɗin da ya lalace. Idan kuskuren na rubutu ne, kamar an manta alamar rufe layi, PHP ba za ta ma fara gudanar da fayil ɗin ba, balle ta ga umarninka. Dole saitin ya zo daga waje.

Na uku, a saka php_flag a cikin .htaccess. Wannan na aiki ne kawai idan PHP na zaune a cikin Apache a matsayin mod_php. Idan ba haka ba, layin da kansa zai haifar da sabon 500, ka ga an gudu ba a tsira ba. A irin wannan sabar fayil ɗin .user.ini ake amfani da shi, shi kuma yakan ɗauki daƙiƙa 300, wato minti biyar, kafin a sake karanta shi. Nginx kuwa ba ta duba .htaccess sam.

WordPress da sabar Windows

Masu WordPress su buɗe wp-config.php, su mayar da WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG zuwa true, su sa WP_DEBUG_DISPLAY ya zama false. Kurakuran za su taru a wp-content/debug.log, baƙo bai ga komai ba. Tun siga ta 5.2 da ta fito a 2019, WordPress kan aika wa mai shafi imel idan wata ƙaramar manhajar da aka ɗora ta karya shi. Saboda haka a leƙa akwatin saƙo tukuna.

A sabar IIS ta Microsoft, abin yana cikin web.config. Saitin errorMode na asali shi ne DetailedLocalOnly, wato cikakken bayani na fitowa ne kawai ga wanda ya buɗe shafin daga cikin sabar kanta. Haka customErrors na ASP.NET ke zuwa a kan RemoteOnly. Don haka idan kana iya shiga sabar, buɗe burauza a can, ba sai ka canza komai ba. IIS ma kan ƙara ƙaramar lamba mai amfani: 500.19 na nufin web.config ɗin ne da kansa ke da matsala.

Kunna, karanta, kashe

Wani zai ce, ai ɗan shafin shagona wa ya damu da shi? Masu kutse ba zaɓe suke yi da hannu ba. Manhajoji suke saki suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, suna neman inda aka bar ƙofa a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2015 an sace bayanan masu amfani da dandalin Patreon na Amurka, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa an shigo ne ta wata sigar gwaji ta shafinsa da ke buɗe ga kowa. A 2021 an bayyana wani rauni da ke ba mai kutse damar gudanar da umarninsa a wasu shafukan Laravel da aka bar su a yanayin gyara. Su ma masu Django sun yi gargaɗi a fili cewa kada a bar DEBUG a kunne a shafin da ke aiki.

Lambobin wayar abokan ciniki, sunayen ɗalibai, bayanan masu ba ƙungiya gudummawa, duk amana ce a hannun mai kula da shafi. Shi ya sa tsarin da nake bi ba ya canzawa: in ajiye kwafin fayil kafin in taɓa shi, in fara da kundi, in canza abu ɗaya a lokaci guda. Idan ya zama dole kuskure ya fito a allo, a kwafin gwaji nake yi, ko na 'yan mintuna kaɗan. Da an gama in mayar da saitin yadda yake, in goge debug.log, domin a sabobi da yawa duk wanda ya san adireshinsa zai iya buɗe shi.

Kai kuma mai shafi da ba ka taɓa ganin cikin saba ba, idan mai gyaranka ya ce ya gama, tambaye shi abu biyu: me kundin ya ce, kuma ka kashe abin da ka kunna?