Sharar Gona A Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Manomin Funtuwa ko Malumfashi ba ya shuka masara a kan karan bara; sai ya yi sharar gona tun da bazara. Haka ma'ajiyar bayanai ta SSD take. Ba ta iya rubuta sabo a kan tsoho, kuma ba ta goge shafi ɗaya, sai dai babban sashe gaba ɗaya. In ɗalibi ya share fayil, ita ba ta da labari, sai ta yi ta kwashe matattun bayanai tana adanawa. Aiki ya yi nauyi, ƙwayoyinta su gaji da wuri. Umarnin TRIM, wanda Windows 7 ta zo da shi a 2009, shi ke sanar da ita wuraren da suka zama fili.

Abin ya fi wuya inda na'urori da yawa ke tarayya a ma'ajiya guda, tamkar 'yan'uwa a gandu. Wata na iya fara rubutu a daidai inda wata ke shirin sharewa, bayanai su salwanta har abada. Don haka a tsarin OCFS2 na kamfanin Oracle, wanda ya sami umarnin a 2011, sai na'ura ta kulle taswirar filayen tukuna, sannan ta aika da shi.